Littafin rage wuta da gas a gida, daga Oktoba zuwa Maris

6 ga Oktoba

Aikin da na sa a gaba shi ne rage abin da gidan nan ke ci na lantarki da gas kafin sanyi ya kankama, amma ba ta hanyar da za ta sa mutanen gida su kwana suna rawar ɗari ba. Gida ne marar bene, faɗinsa murabba'in mita 80 ko kusa da haka, mu biyar ne a ciki har da Inna. Tukunyar gas ce ke ɗumama ɗakuna, tana tura ruwan zafi cikin bututu zuwa ƙarafunan ɗumi da ke jikin bango. Ruwan wanka kuma hitar lantarki mai tanki ce ke dafa shi.

Duk daren Lahadi zan karanta mitocin biyu in rubuta. Yunit zan riƙa rubutawa maimakon kuɗi, domin farashi a hannun kamfani yake, kuma akwai wani kaso a takardar biya da ake ɗorawa kullum ko da an kulle gida an yi tafiya. Yunit ɗaya shi ne kilowat-awa ɗaya, wato abin da na'ura mai wat 1000 ke sha cikin awa guda. Mitar gas da kubik mita take ƙirga, kuma kowane kubik mita na gas ɗin bututu yana ɗauke da yunit 10 zuwa 11. Da na juya lissafin bara zuwa ma'auni ɗaya, sai ga gas ya ninka lantarki a watannin sanyi ninkin ba ninki. Haka abin yake a duk inda ake ɗumama gida: alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Tarayyar Turai sun nuna sama da kashi 60 cikin 100 na makamashin gidaje ɗumama ɗaki ke cinye shi, ruwan zafi kuma kusan kashi 15. To ga inda zan fi karkata. Fitilu da caja su jira layinsu.

13 ga Oktoba

Na karanta mitar lantarki lokacin kwanciya, bayan na kashe hita, na sake karantawa da safe bayan awa takwas. Yunit 0.7 suka tafi alhali kowa na barci, kusan wat 90 ke nan da ke zirarewa ba dare ba rana. Awa 8,760 ne a shekara, saboda haka duk wat ɗaya da aka bari yana ci kullum zai lashe yunit 8.76. Wat 90 ɗin nan sun doshi yunit 800 a shekara.

Firji da firiza ne suka ɗauki babban rabo, kuma ba su da laifi, aikinsu ke nan. Na jawo su daga jikin bango na share ƙurar bayansu, na sa ma'aunin zafi a ciki: firji na mayar da shi digiri 4, firiza digiri 18 ƙasa da sifili, duk abin da ya wuce haka ɓarna ce. Na maƙale takarda a ƙofar firiza na ja, ta zame babu gardama, alamar robar bakin ƙofa ta saki. An canza ta.

Sauran ɓarayin daren su ne akwatin talabijin mai kama tashoshi, da tsohuwar rediyo mai manyan sifiku, da injin buga takarda da ba a taɓa shi sai an yi wata. Sababbin na'urori ba sa cin abin kirki idan suna jiran aiki. Tun 1999 Hukumar Makamashi ta Duniya ta fara kiran a mayar da wannan ci zuwa wat ɗaya, kuma daga 2013 dokar Turai ta tsayar da shi a rabin wat ga yawancin kayan gida. Tsofaffin kaya ne matsalar. Na haɗa su a soket ɗaya mai makunni, ana kashewa da dare.

20 ga Oktoba

Ƙwan fitila huɗu ne suka rage na tsohon yayi, masu zare a ciki. Irin waɗannan fiye da kashi 90 na wutar da suke sha zafi take zama, haske ɗan kaɗan ne. Na sa ƙwan LED mai wat 9 a gurbin mai wat 60, haske ɗaya. Idan ƙwai na ci awa huɗu a rana, bambancin ya kai yunit 74 a shekara. Farin LED ɗin nan bai samu ba sai da aka ƙirƙiro shuɗin, aikin da ya ba masana kimiyya Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014. Aikin minti goma ne, an wuce wurin.

3 ga Nuwamba

Ruwan zafi. Nan ne lissafi ya fara daɗi, kuma nan ne rigima ta fara.

Ruwa na da cin zafi fiye da yadda ake zato. Kafin lita ɗaya ta ƙaru da digiri ɗaya sai ta sha wat-awa 1.16. Na tara bokiti mai awo a ƙarƙashin shawa na minti ɗaya, ya ba ni lita 10. Wankan minti takwas lita 80 ke nan, kuma idan ruwan ya shigo gida yana digiri 12 aka kai shi 40, yunit 2.6 sun tafi a wanka guda. Da wannan wutar za a cika batirin waya fiye da sau ɗari. Na faɗi wannan ne saboda uwargida ta daɗe tana bin yara da faɗa kan caja da aka bari a soket, alhali babban yaronmu yana shiga banɗaki ya manta da duniya.

Na canza kan shawa zuwa mai fitar da lita 7 a minti. Idan aka tsaya a minti biyar, lita 35 ne, yunit 1.1. Yaron ya ce, "Baba, ruwan ai babu ƙarfi." Na ce masa ya ba shi mako guda. Har yau bai sake tayar da maganar ba, sai dai minti biyar ɗin nan nasa masu tsawo ne.

Tankin hita na naɗe shi da rigarsa, na sa wa bututun da ke fita daga cikinsa soso mai tsagi. Uwargida ta ce, "Malam, me zai hana ka rage zafin tankin gaba ɗaya?" Ban rage shi ƙasa da digiri 60 ba, kuma ba zan rage ba. Ƙwayar cutar Lejiyonela tana hayayyafa a ruwan da ke kwance tsakanin digiri 20 da 45, kuma ta tururin shawa take shiga huhu. Tanki a 60 yake zama. Abin da na yi shi ne sa masa agogo, ya dafa kafin asuba da kuma kafin yamma, maimakon ya yini yana kunna kansa.

Injin wanki ma zancen ɗaya ne: juya ganga ba ya cin wuta sosai, dafa ruwan ne ke ci. Kayan sawa na yau da kullum sun koma digiri 30, zanen gado da tawul kawai ake wanke su da zafi. Butar lantarki kuma lita ɗaya tana cin kusan yunit 0.1 kafin ta tafasa, don haka mai son kofi ɗaya ya zuba na kofi ɗaya.

17 ga Nuwamba

Rana ce mai iska, irin wadda nake jira. Na rufe ƙofofi da tagogi, na jiƙa bayan hannuna na bi gefen kowace taga da ƙasan kowace ƙofa. Fata mai laima tana jin iska ko da siririya ce.

Ga dalilin da ya sa na ba wannan aiki yini guda. Kubik mita ɗaya na iska yana buƙatar wat-awa 0.33 kafin ya ƙaru da digiri ɗaya. Gidan nan yana ɗaukar iska kusan kubik mita 200. Idan duk iskar cikinsa tana sauyawa sau ɗaya a awa ta kafofi, kuma ciki ya fi waje da digiri 15, ana asarar wat 1000 ba tsayawa, yunit 24 a yini. Ɗumama gida mai kafofi ɗiban ruwa ne da kwando.

Inda na samu iska na shigowa: ƙasan ƙofar waje, ramin makulli, gefen tagogi biyu na ɗakin yara, bakin murfin da ake hawa silin, da kuma ramin da bututun ruwa ya huda bango a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Wannan na ƙarshe ya fi duka girma, hannu na shiga, kuma ba wanda ya taɓa leƙa wurin. Robar liƙi a gefen tagogi, burushi a ƙasan ƙofa, kumfar cike rami a bakin bututu. Kayan ba su da tsada ko kaɗan idan aka gwada da abin da suke tarewa.

Akwai kafofin da ban taɓa ba. Duk na'urar da ke ƙona gas ko kananzir ko gawayi tana buƙatar iska, kuma idan ta rasa sai ta fara fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Ramin iska na kicin yana nan a buɗe. Na sayi ƙararrawar gano wannan iska na kafa kusa da tukunya. Harshen wutar gas shuɗi ya kamata ya zama, idan ya koma rawaya yana lilo a kira mai gyara.

1 ga Disamba

Maganar na'urar daidaita zafi. Zafi yana fita daga gida gwargwadon tazarar da ke tsakanin ciki da waje. Idan ciki 21 ne waje 6, tazara 15. A sauke ciki zuwa 20, tazara ta koma 14, an rage kusan kashi 7 cikin 100 ba tare da an sayi komai ba. Babu wani aiki a littafin nan da ya kai wannan araha.

Amma yana da iyaka, kuma iyakar tana zaune a ɗakin da ke kusa da falo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar gidaje da lafiya da ta fitar a 2018, ta ba da digiri 18 a matsayin mafi ƙarancin ɗumin ɗaki lokacin sanyi, ta kuma ce tsofaffi da ƙananan yara da marasa lafiya suna iya buƙatar fiye da haka. Sanyi yana matse jijiyoyin jini ya ɗaga hawan jini, yana kuma tayar da ciwon ƙirji. Da na sauke gidan zuwa 19, Inna ba ta ce uffan ba, sai na tarar da ita da rana tsaka a lulluɓe da bargo biyu. Na ce, "Inna, sanyi kike ji?" Ta ce, "A'a ɗan nan, yi aikinka." Daga nan na tsayar da doka: ɗakin Inna 21, falo 19, ɗakunan kwananmu 18. Kowane ƙarfen ɗumi yana da murfi mai lamba a gefensa, da shi ake raba ɗaki da ɗaki, muddin ana rufe ƙofofi.

Wani abu da na sha bayani a kansa a gidan nan: murɗa na'urar zuwa 28 ba ya sa ɗaki ya yi saurin ɗumi. Tukunya gudunta ɗaya ne. Abin da lambar ke faɗa mata shi ne inda za ta tsaya.

15 ga Disamba

Mai gyaran tukunya ya zo duba ta na shekara. Tamu irin wadda ke tatsar zafi daga hayaƙinta ce. Idan gas ya ƙone yana fitar da tururi, kuma idan tururin ya koma ruwa a cikin tukunya sai ya saki zafin da ke ɓoye a cikinsa, kusan kashi 10 na ƙarfin gas ɗin. Hakan ba ya faruwa sai ruwan da ke dawowa daga ɗakuna ya sauka ƙasa da digiri 55 ko kusa. Tamu an bar ta tana tura ruwa a 75 tun ranar da aka kafa ta, wato an biya kuɗin fasahar ba a mora ba.

Ya ce, "Yallaɓai, a sa ta a 60 mu gani, in sanyi ya tsananta ka ɗaga." Ƙarafunan ba sa ƙona hannu kamar da, ɗaki yana ɗaukar lokaci kafin ya ɗumama, don haka na sa ta fara aiki rabin awa kafin lokacin da ta saba. Mun kuma fitar da iskar da ta taru a saman ƙarafunan da ɗan makullinsu, mun janye kujerar da ta toshe na falo, mun ɗage labulen da ke rufe na ɗakin yara yana tura ɗumin zuwa gilashi.

29 ga Disamba

Baƙi sun cika gida, mita ta yi gudu. Ban ce wa kowa komai ba.

12 ga Janairu

Na hau silin. Akwai ulun gilashi shimfiɗe, kaurin santimita 10, ya tsufa ya kwanta a wasu wurare. Abin da ke tare zafi a irin wannan ulu iskar da ke maƙale a cikinsa ce, shi ya sa idan aka danne shi da akwatuna ya rasa amfaninsa. Da kaurin santimita 10, kowane murabba'in mita yana sakin kusan wat 0.4 a kan kowane digiri na tazara. Silin mai murabba'in mita 80 da tazarar digiri 15, wat 480 ke nan. Idan kaurin ya kai 30 sai ya sauka zuwa wat 160.

A lura da yadda ribar ke raguwa: santimita goman farko su ne suka yi babban aiki, na biyu sun yi rabin abin da ya rage, na uku kaɗan. Wanda silinsa babu komai shi ya fi kowa cin riba, ya bar duk abin da yake yi ya fara da nan. Mu namu ƙari ne. Mun shimfiɗa sabon a gicciye kan tsohon, da safar hannu da takunkumi domin yana ƙaiƙayi. Mun bar bakin rufi a buɗe don iska ta riƙa ratsa saman, kuma ba mu binne manyan wayoyin wuta ba, domin waya mai ɗaukar nauyi tana buƙatar ta sha iska.

Tagogi kuwa na yi lissafi na ajiye. Gilashi mai falle ɗaya yana sakin fiye da wat 5 a murabba'in mita kan kowane digiri, mai falle biyu na da kusan rabin haka, na zamani ƙasa da 1.5. Bambancin babba ne, amma kuɗin canza taga zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya dawo. Taga ɗaya ce tamu mai falle ɗaya. Na liƙa mata leda mai haske da ake ɗamewa da iskar busar da gashi, aka sa labule mai kauri. Da rana ana buɗe labulen ɓangaren da rana ke bugawa, ana rufewa da magariba.

26 ga Janairu

Gida ya toshu, sai ga laima. Da safe gilashi yana zubar da raɓa, kuma baƙin fumfuna ya fara fitowa a kusurwar bayan kabad ɗin yara. Numfashin mutum biyar, girki, wanka, da wankin da ake shanyawa a ciki, duk ruwa ne da a da kafofin nan ke fitar da shi kyauta. Iska mai digiri 20 da laimar kashi 60 tana fara zubar da ruwa a kan duk abin da sanyinsa ya kai digiri 12, kuma kusurwar bangon waje a watan nan tana kaiwa.

Na sayi ƙaramin ma'aunin laima, burina ya zauna tsakanin 40 da 60. Maganin da ya yi aiki: a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna wangame na minti biyar zuwa goma, safe da yamma, sannan a rufe. Iska tana sauyawa gaba ɗaya amma bango da kayan ɗaki ba su kai ga hucewa ba, kuma a jikinsu ne yawancin ɗumin yake. Barin taga a ɗan buɗe yini guda ya fi wannan ɓarna nesa ba kusa ba. Ana rufe tukunyar abinci in ana girki, fankar banɗaki tana ci gaba da aiki bayan wanka, shanya ta koma ɗaki ɗaya mai rufaffiyar ƙofa da buɗaɗɗiyar taga. Kabad ya matsa daga bango da tafin hannu guda. Wani ɓangare na abin da na tara a Nuwamba ya koma ta taga, kuma na yarda da cinikin.

9 ga Fabrairu

Gas na Janairu ya fi na Disamba, har uwargida ta ce, "To Malam, ina amfanin hawa silin?" Tambayar tana kan hanya, sai dai kwatanta wata da wata ba ya nuna komai, domin Janairu ya fi sanyi. Masu wannan sana'a suna da awo da ke cire yanayi daga lissafi. Ana ɗaukar wani mizani, a Ingila digiri 15.5 ne, a cire matsakaicin zafin ranar daga cikinsa. Ranar da matsakaicinta ya zama 5.5 tana da maki 10, wadda ta kai 15.5 ba ta da ko ɗaya. A tara makin wata, a raba yunit ɗin gas da shi, abin da ya fito shi ne ainihin cin gidan. Da na yi haka da alƙaluman tashar yanayi mafi kusa, cin kowane maki ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan aka gwada da bara. Faɗuwa mafi girma ta zo ne a makonnin da suka biyo bayan toshe kafofi da sauke na'urar daidaita zafi.

Lantarki bai sauka yadda lissafina ya ce ba. Dalilin ya bayyana a ƙarƙashin teburin karatun yara: ƙaramar hita mai wat 2000 da suka jawo daga sito. Awa uku kowane dare, yunit shida, ta cinye ribar fitilu da ta soket ta haɗa da wani abu daga ta shawa. Masanin tattalin arziki William Stanley Jevons ya lura tun 1865 cewa ingancin injunan tururi bai rage ƙona kwal a Ingila ba, ƙara shi ya yi, domin abin da ya yi araha ana ƙara cinsa. A gida ma haka: an ji Baba ya rage kuɗin wuta, sai aka saki jiki. Hitar ta koma sito, na ɗaga murfin ƙarfen ɗakinsu da lamba ɗaya a lokacin karatu. Kowace hitar lantarki mai waya, komai tallar da aka yi mata, yunit ɗaya na wuta yunit ɗaya na zafi take bayarwa.

8 ga Maris

Sanyi ya fara sassautawa, na sauke ruwan tukunya zuwa 50 kuma ɗakuna suna kaiwa inda aka sa su. Wannan gwaji ne da gangan. Na'urar da ke zuƙo zafi daga iskar waje, mai aiki irin na firji amma a juye, tana ba da kusan yunit uku na zafi a kan yunit ɗaya na wuta, kuma ta fi yin kyau a gidan da ruwa mai sassauƙan zafi ke isarsa. Idan gidan nan ya iya zama a 50 har cikin tsananin sanyin baɗi, to ranar da tukunya ta mutu akwai abin dubawa. Tana da sauran rai, ba zan cire ta yanzu ba.

Fumfunar bayan kabad ba ta dawo ba, amma bangon wurin har yanzu ya fi sauran sanyi idan aka dafa shi. Wannan kusurwa da tagar mai falle ɗaya su ne aikin lokacin zafi. Na auna tagar, santimita 120 da 90, kuma mai aikin bango zai zo ranar Asabar ya duba ko akwai rata a tsakiyar ginin da za a iya cikawa.